Akwatin kayan aikin kakana: wa ya ƙera su, kuma tun yaushe?

Abdul Rigasa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman masana tsofaffin kayan aiki. An raba gadon kakanmu, Allah ya jiƙansa, akwatin kayan aikinsa ya faɗo a rabon mahaifiyata, ita kuma ta damƙa mini ta ce in bincika. Kafinta ne, ya yi aiki a Reluwe nan Kaduna kafin ya kafa rumfarsa a Tudun Wada. A ciki akwai filen na ƙarfe guda (na kankare katako), zarto biyu, cizal huɗu, rula ta katako mai naɗewa, tarin sufanu, sai wani gizago. Duk sun yi tsatsa, amma babu wanda ya karye. Wani ɗan gwangwan ya leƙa ya ce a ɗora a sikeli ya biya kuɗin kilo, ban amsa masa ba tukuna. So nake in san wa ya ƙera su, da kuma shekarunsu. Ga hotuna nan.

Malam Idi Kafinta, Panteka:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Ɗana, kafin komai ka riƙe wannan: kada ka kai su wajen mai giranda, kada kuma ka sa musu samfefa mai kaushi. Duk abin da kake son sani a rubuce yake a jikinsu, kuma rubutun ba shi da zurfi, minti ɗaya a bakin giranda ya tafi ke nan. Ka nemi kananzir da tsohon buroshin haƙori da tsumma. Ka jiƙa wurin, ka bar shi ya sha, sannan ka goga a hankali. Idan rubutu ya fara fitowa amma ba ya karantuwa, ka shafa alli ka share da yatsa, allin zai zauna cikin haruffan. Hotunan da ka turo daga nesa ne. Ka matso da waya, ka ɗauko mana bayan dunƙulallen mariƙin gaba na filen ɗin, da saman wuƙarsa, da ƙarfen da ke danne wuƙar.

Abdul Rigasa:
To Baba, an gama. Na goge kamar yadda ka ce. A gaba an rubuta BAILEY, sai No 5. A tsakiya, gaban mariƙin baya, MADE IN ENGLAND. Ƙarfen da ke danne wuƙar an rubuta STANLEY. Tsawonsa inci 14.

Nura Kawo:
Kai, Abdul ka tsinci dami a kala! Na duba yanzu, Bailey tun 1869 ne. Wannan filen ya haura shekara 150. Kada ka sayar wa kowa a nan, Turawa na biyan maƙudan kuɗi a kan irinsa.

Injiniya Bashir:
Nura, a yi a hankali, kada a ɗora wa yaro buri. Leonard Bailey mutumin Amurka ne, shi ya ƙirƙiro wannan fasalin filen, kuma a 1869 kamfanin Stanley na garin New Britain ya sayi haƙƙin ƙirarsa. Gaskiya ne. Amma sunan Bailey suka ci gaba da zubawa a jikin filen shekara da shekaru bayan mutuwarsa, har a kan sababbi za ka gan shi. Sunan fasali ne, ba ranar haihuwa ba.

Abin da ya yanke magana a nan shi ne MADE IN ENGLAND. Stanley ba su fara ƙera filen a Ingila ba sai da suka sayi kamfanin J. A. Chapman na Sheffield, aiki ya kankama a 1937. Ke nan wannan filen ba zai girmi 1937 ba ko da kwana ɗaya. Wannan ita ce iyakar ƙasa. Yanzu sai mu nemi iyakar sama. Abdul, mariƙan nan biyu katako ne ko roba? Ka ƙwanƙwasa da farce, ko ka duba inda suka goge.

Abdul Rigasa:
Katako ne, Injiniya. Na baya har ya ɗan tsage an ɗaure shi da gam, kuma wurin da hannu ke kamawa ya yi sulɓi ya yi haske.

Injiniya Bashir:
Madalla. Mariƙin roba ya zo ne daga baya, wajejen shekarun 1970 shi ya mamaye kasuwa. Don haka muna tsakanin 1937 da wannan lokacin. Wani abu kuma: ramin da ke tsakiyar ƙarfen dannewar, a hotonka lanƙwasasshe ne kamar ƙwayar wake. Na farkon ƙarni na 20 raminsu irin na makulli ne, miƙaƙƙe. Canjin ya zo a farkon shekarun 1930, to shi ma ya yi daidai da lissafinmu.

Wata tunatarwa ga masu duba intanet. Akwai jadawalin da masu tara kayan nan suka tsara, suna cewa nau'i na 11, nau'i na 13, da sauransu. Na ƙirar Amurka ne kawai. A can ne za ka ga an zuba ranaku a bayan mazaunin wuƙa, misali MAR-25-02 da AUG-19-02 da APR-19-10, ko ka ga tambarin zuciya da haruffan SW a ciki, wanda suka yi amfani da shi daga 1920 zuwa tsakiyar shekarun 1930. Idan ka ɗauki wannan jadawalin ka auna ƙirar Ingila da shi, ɓata za ka yi. Kuma ko a na Amurkan, ranar da ka gani ranar rajistar ƙira ce. Tana gaya maka ba a yi shi kafin ranar ba, ba ta gaya maka ranar da aka yi shi ba. Mu nan Arewa galibin abin da ke hannun tsofaffinmu ƙirar Ingila ne, don ta hannun kamfanoni irin su John Holt da UAC da G.B. Ollivant kayan suka riƙa shigowa.

Malama Hauwa U/Rimi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ina koyar da aikin katako a makarantar koyon sana'a, kuma akwai abin da na lura da shi a hoto na uku da ba wanda ya taɓo. Wuƙar ba ta Stanley ba ce. Ku ƙara girman hoton, RECORD aka buga a samanta.

Nura Kawo:
To ke nan jabu ne? Jiki Stanley, wuƙa Record?

Malama Hauwa U/Rimi:
A'a. Record kamfani ne mai daraja, na C. & J. Hampton a Sheffield, sun fara fitar da filen a 1931. Nasu shuɗin fenti ne, kuma lambarsu da sifili take farawa, 04, 05, 07. Faɗin wuƙar lamba 5 inci 2 ne a wajen kamfanonin biyu, don haka ta wannan tana shiga wancan lafiya lau. Abin da ya faru a bayyane yake: wuƙar asali ta cinye da wasawa, ya sayi wata ya sa.

Malam Idi Kafinta, Panteka:
Malama ta faɗi gaskiya, kuma ni wannan ne ya fi taɓa ni a duk hotunan. Kun san shekara nawa mutum zai yi yana wasa wuƙar filen a dutse kafin ta ƙare? Ƙarfe ne da kake cire masa abin da bai kai kaurin gashi ba a kowace wasawa. Mutumin da ya cinye wuƙa guda har ya shiga ta biyu, ba da wasa ya ci abincinsa ba.

Shi ya sa nake gaya wa yara, kada ka yanke shekarun filen da abin da ake kwancewa. Wuƙa ana canzawa, ƙarfen dannewa ana canzawa, mariƙi ana sassaƙa sabo. Kamar tsohuwar Fijo 504 ce ta tasha, inji daga wata, ƙofa daga wata, amma lambar da ke jikin shasi ita ce motar. A filen, gangar jikin da aka zuba ita ce shasi. A nan Panteka na sha ganin an haɗa guda daga matattu uku, yana kuma aiki tsaf. Ba laifi ba ne matuƙar mai sayarwa ya faɗa.

Jabu daban yake. Za ka gane shi a hannu kafin ido. Zubin yana da kaushi, haruffan sun kumbura ba su fita tas ba, notin juyawa maimakon tagulla sai ka ga wani ƙarfe da aka shafa wa ruwan gwal, idan ka juya yana sakwaf-sakwaf. Ka ɗora sikwaya a tafinsa ka ɗaga sama, haske na wucewa ta tsakiya. Naka ba haka yake ba.

Abdul Rigasa:
Allah ya saka da alheri. Na ci gaba da gogewa, ga sababbin abubuwa. A gefen filen ɗin an buga N.R. da wasu lambobi, amma haruffan ba a jere suke ba, ɗaya ya fi ɗaya zurfi. Rular kuma an rubuta J. RABONE & SONS BIRMINGHAM, inci ne kawai a jikinta, babu santimita.

Kawu Tanimu, tsohon ma'aikacin Reluwe:
Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan haruffa. Yaro, wannan N.R. ba maƙeri ba ne, mai kaya ne. A sito ake bugawa da hannu, harafi ɗaya bayan ɗaya, da guduma, shi ya sa ka ga sun karkace. Nigerian Railway ke nan, sunan da aka sa a 1912 da aka haɗe layin Legas da layin Baro zuwa Kano. A 1955 aka mayar da ita hukuma mai cin gashin kanta, aka ƙara C, ta zama N.R.C. Mu da muka shiga aiki daga baya N.R.C. muka tarar, amma tsofaffin kayan da ke sito da yawa N.R. ne a jikinsu. Haka za ka ga P.W.D. a kayan ma'aikatar ayyuka.

Kafintocin Reluwe ba ƙananan ma'aikata ba ne. Taragun fasinja na da, kujeru da tagogi da bango duk katako ne, ga gidajen kwatas, ga ofisoshin tasha. Kaduna mahaɗa ce, layin Fatakwal ya zo ya haɗu da na Legas zuwa Kano a nan, aiki ba ya yankewa. Ko da ban san kakanka da suna ba, na san irin aikin da wannan filen ya yi.

Injiniya Bashir:
Allah ya ƙara lafiya, Kawu. To kun ga yadda abin ke matsewa. Ba kafin 1937 ba saboda MADE IN ENGLAND, ba bayan 1955 ba saboda N.R. Shekara 18 ke nan a tsakani.

Kawu Tanimu, tsohon ma'aikacin Reluwe:
Injiniya, kada ka ja layi a 1955 da ƙarfi haka. Canjin suna a takarda yake fara aiki. Mai sito da ya saba buga haruffa biyu ba lallai ya ƙara na uku washegari ba. Ka ba shi 'yan shekaru a kai.

Injiniya Bashir:
To mu ce daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1950. Rular ma tana goyon bayan haka. Rabone na Birmingham sun haɗe da Chesterman na Sheffield a 1963, daga nan sunayen biyu ake bugawa tare, RABONE CHESTERMAN. Tunda taka Rabone ne shi kaɗai, ta riga haɗewar. Rashin santimita ba hujja ce mai ƙarfi ba ita kaɗai, don har gobe kafintocinmu da inci suke magana, tu-bai-fo da tu-bai-tu, amma idan ka tara ta da sauran tana ƙara nauyi.

Sadiq Ɗan Gwangwan:
Ni fa ina da magana. Tun farkon zancen nan ake ambaton ɗan gwangwan kamar wani azzalumi. Sana'ata ce, kuma ba na jin kunyarta. Wanda ya ce a ɗora a sikeli bai cuci kowa ba, farashin da ya sani ya faɗa. Mu ƙarfe muke saya, kamfanin narkarwa ba ya tambayar wa ya ƙera. Kuma ku tambayi Malam Idi, rabin tsofaffin kayan da ke rumfunan Panteka daga buhunanmu aka tsince su. Da ba mu ɗauko daga bola da kangon gidaje ba, da ƙasa ta cinye su. Sannan wata tambaya da kowa ke kauce mata: kayan da aka buga wa hatimin hukuma, yaya aka yi ya kwana a akwatin mutum?

Kawu Tanimu, tsohon ma'aikacin Reluwe:
Sadiq, tambayarka tana kan hanya, amma a kyautata wa mamaci zato. Ana gwanjon kayan sito da aka soke, ma'aikata su ne kan gaba wajen saye. Ni kaina ina da guduma da na saya ta haka.

Malam Idi Kafinta, Panteka:
Sadiq bai yi ƙarya ba, daga hannunsu muke samu. Abin da nake roƙonku kawai, kafin buhu ya hau tirela a zazzage a duba. Filen lamba 5 nauyinsa kilo biyu ne da ɗan ɗoriya. Kuɗin kilo biyu nawa ne? Kafinta zai ba ka ninkin ba ninkin, kuma ya yi godiya.

Abdul Rigasa:
Maganar hatimi ta sa na sake dubawa. Ɗaya daga cikin cizal ɗin yana da wata alama kamar sawun kaza, layi uku da suka haɗu a sama, a gefenta 1944. Sai tambarin ganye mai kunne uku da MARPLES.

Malama Hauwa U/Rimi:
Wannan ka samu wanda ya faɗi shekararsa da bakinsa. Ganyen tambarin William Marples & Sons ne na Sheffield. Abin da ka kira sawun kaza kuwa kan kibiya ne, alamar kayan gwamnatin Birtaniya, musamman na soja, kuma su sukan buga shekarar da aka karɓi kayan. 1944 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka kwashi dakarunmu zuwa Bama. Kaduna gari ne na bariki tun kafuwarsa, ba abin mamaki ba ne irin waɗannan su bazu a kasuwa bayan yaƙi. Ka duba ko akwai kibiya biyu da suka haɗa kai suna fuskantar juna. Idan akwai, alamar an sayar da shi ne a hukumance, ya fita daga kayan gwamnati.

Sauran cizal ɗin ka duba mariƙinsu. Mai mariƙin roba ja da rawaya da haske ke ratsawa, na baya ne. Mai mariƙin katako da zoben tagulla, musamman idan an buga CAST STEEL a wuyansa, ya fi tsufa.

Oga Ɗanladi Makanike, Kakuri:
Ku kafintoci kun cika zauren, a bar mu mu taɓa sufanun. Abdul, zuba su a tabarma ka raba su kashi uku da abin da aka rubuta a bakinsu.

Kashi na farko masu W ko BSF ko BS, misali 1/4 W 5/16 BSF a baki ɗaya. Wannan ma'aunin Whitworth ne, na Ingila, tun 1841 Joseph Whitworth ya tsara shi. Lambar ba faɗin bakin sufanar ba ce, kaurin sandar notin ce. Shi ya sa yaran gareji ke rikicewa: sufana an rubuta kwata amma bakinta ya ɗara milimita 13. Ka sa lamba 13 ta ƙi shiga, ka sa 14 ta zame ta cinye kan notin. Duk wanda ya taɓa kwance tsohon injin Lista na niƙa ko giyar tsohuwar Landiroba ya san wannan wahalar. Irin waɗannan su ne tsofaffin, kuma su suka dace da zamanin kakanka. Za ka ga King Dick ko Britool a jikin wasu.

Kashi na biyu masu AF, su faɗin bakin ne da inci, sun yawaita daga shekarun 1950. Na uku masu milimita, waɗanda suka cika gari da motocin Faransa da Jamus da Japan, balle da aka fara haɗa Fijo a nan Kakuri a 1975.

Sannan ka karanta ƙasar. Idan ka ga W. GERMANY ko WEST GERMANY, an yi ta ne lokacin da Jamus ke rabe biyu, daga 1949 zuwa 1990. Gedore da Elora da Stahlwille duk na can ne. Akwai Gedore da aka rubuta INDIA, ita ma ba jabu ba ce, sun yi masana'anta a can, sai dai mu a gareji ta Jamus muka fi nema.

Masu W ɗin kada ka zubar. Sababbinsu ba sa samuwa a kasuwa cikin sauƙi, kuma masu gyaran tsofaffin injuna na nemansu ido rufe.

Abdul Rigasa:
Oga, masu W guda biyar ne, mai W. GERMANY guda biyu, sauran babu rubutu. Saura zarto. Babban yana da wani maɓalli na tagulla a mariƙi an rubuta WARRANTED SUPERIOR. Kamfanin ke nan?

Injiniya Bashir:
Ba kamfani ba ne. Maɓalli ne na gama-gari da masana'antu da yawa suka riƙa sawa, galibi a zarton da ba su buga wa sunansu ba, ko wanda suka yi wa wani ɗan kasuwa. Da Disston ne na Filadelfiya ko Spear & Jackson na Sheffield, da sunansu za ka gani a maɓallin, kuma na Disston har ana iya kusantar shekarunsa da yadda aka rubuta sunan, don DISSTON & SON na ɗan tsakanin 1865 da 1871 ne, bayan nan ya koma & SONS. Naka sai dai a nemi rubutun da ke kan faifan ƙarfen. Da ruwan asid ake zana shi, ba shi da zurfi ko kaɗan. Ka jiƙa shi cikin ruwan tsami na kanti kwana ɗaya, tsatsar za ta saki.

Malama Hauwa U/Rimi:
Injiniya, a nan ban bi ka ba. Ruwan tsami na cin tsatsa, amma yana cin ƙarfen ma, ya bar shi toka-toka, kuma zanen da asid ya yi shi ne farkon abin da zai dushe. A sufana ko guduma ban damu ba. A faifan zarto, a'a. Abdul, ka kwantar da shi a kan katako mai laushi, ka zuba kananzir, ka kankare tudun tsatsar da reza a kwance. Sannan ka naɗe samfefa mafi laushi a jikin ɗan katako mai shafaffen gefe, ka ja ta tsawon zarton, ba a karkace ba. Katakon ne zai hana ta nutsewa cikin zanen. Da ka ga inuwar haruffa ka tsaya, ka fita rana ka karkata shi.

Injiniya Bashir:
Na yi da ruwan tsami ya yi mini aiki, amma tunda guda ɗaya ne a hannunsa kuma na gado, ya bi hanyar Malama, ta fi aminci.

Malam Idi Kafinta, Panteka:
Ko rubutu bai fito ba, mariƙi na magana. Tsohon zarto mariƙinsa an sassaƙa shi an zagaye gefuna, yana da ƙaho sama da ƙasa da ke rungume hannu, ramin na yatsa uku ne, manuniya tana miƙe a gefe. Na baya-bayan nan ramin ya yi faɗi, gefunan a tsaye kamar yadda inji ya yanko su. Sannan ka kama faifan da yatsa biyu daga haƙora zuwa baya. Mai kyau ya fi kauri a wajen haƙora, yana sirancewa zuwa sama, don kada ya maƙale a cikin katako. Haƙoransa kuma suna karɓar magagari, kana wasawa kana ci gaba da aiki shekaru. Na yanzu masu baƙaƙen haƙora an ƙona su sun yi tauri, magagari ba ya kama su, idan sun dakushe sai bola.

Yusuf Ɗan Maƙera:
Tun jiya nake bin zancen nan ina jira a zo kan gizago, har yanzu shiru. An yi Sheffield, an yi Birmingham, an yi Jamus. Abu ɗaya tilo a akwatin da aka ƙera a ƙasar nan, shi ne ba wanda ya tambaya. Kuma ba mamaki ya girmi filen ɗin.

Nura Kawo:
Ai shi babu rubutu, Yusuf. Ta ina za a fara?

Yusuf Ɗan Maƙera:
Babu rubutun boko dai. Na nuna wa mahaifina hoton, shekarunsa sun haura saba'in kuma a bakin zuga-zugi ya tashi. Bai tambayi suna ba, wuyan ya ce in ƙara masa girma. Ya ce kowane gidan ƙira da yadda yake karya wuyan gizago da yadda yake buɗe bakinsa, kuma wanda ya koya a gida ɗaya har ya mutu hannunsa ba ya sakin wannan fasalin. Wasu kuma suna sa 'yan tsage ko ɗige-ɗige a kafaɗa da kurfi. Ba ado kawai ba ne, da shi mai kaya ke gane nasa idan an kawo gyara.

Maganar shekaru kuwa, ƙarfen ake tambaya. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, maƙeranmu da tama suke aiki, wadda aka narka a ƙasar nan. Ƙarfen tama yana da jijiya, idan tsatsa ta ci shi za ka ga layi-layi a tsaye da 'yan baƙaƙen zare a ciki, don ba a taɓa raba shi da kashinsa gaba ɗaya ba. Da ƙarfen Turawa ya yawaita, guntayen kayan dogo da sandunan kanti, daga baya sifirin mota, sai narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta mutu, saboda wahalarta ta fi ƙarfin ribarta. Gizagon sifirin jikinsa sumul yake, tsatsarsa rami-rami ce ba layi ba, wani lokaci ma za ka tarar da ragowar lanƙwasar sifirin ko gefen ramin ƙusarsa. Ke nan idan na sifirin ne, bai riga zuwan mota ba. Idan na tama ne, to ana maganar wani zamani daban, mai yiwuwa shi ma kakan naka gadonsa ya yi.

Ƙota ba ta ba da shekaru. Gizago ɗaya sai ya ci ƙota goma. Amma tana faɗin wani abu: a ƙirarmu ƙarfen ne ke da tsini a baya, a gasa shi ya yi ja a huda kan ƙotar da shi, galibi ƙirya ko marke. Na kanti kuwa ƙarfen ne ke da rami, ƙotar ta shiga ciki. Na Abdul irin namu ne.

Injiniya Bashir:
Yusuf, wannan ilimi ne, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Tsofaffin ƙarafan Turawa na ƙarni na 19, irin su sarƙa da wasu sandunan kanti, su ma suna da wannan jijiyar, don ba a narka su sun zama ruwa ba. Maƙeri zai iya samun irinsu ya ƙera gizago a 1930. Don haka layi-layi kaɗai ba zai tabbatar da tama ba.

Yusuf Ɗan Maƙera:
Na karanta masa. Ya ce haka ne, shi ya sa ba zai yanke hukunci a hoto ba, sai ya riƙe a hannu. Yana so ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararsa, ya ɗan ja magagari a baki da kuma a wuya ya ji ko taurinsu ɗaya ne. Idan bakin ya fi wuyan tauri sosai kuma akwai siririn layi a tsakaninsu, to ƙarfe biyu aka haɗa a wuta, mai tauri a baki, mai laushi a jiki, kuma wannan aikin tsofaffin hannu ne, yanzu da wuya ka samu mai yi.

Abdul, kada ka cire ƙotar, kada ka goge kafaɗar da komai sai tsumma da ɗan mai. Kuma ka tambayi Hajiya mahaifiyarka garin da kakanka ya taso kafin ya zo Kaduna, da ko a danginsu akwai masassaƙa. Baba ya ce idan ya san garin, zai iya ƙidaya gidajen ƙirar da ke wannan yankin. Muna maƙera kullum bayan la'asar ban da Juma'a, zan turo maka kwatance ta akwatin saƙo.